Ɓerayen Tasallah

Shekara sittin ina yaƙi da ɓera.
Na cusa ƙaya a rami, na ɗana tarko a gindin rumbu,
na ari kyanwar Malam Shekarau har ta manta gidansu.
Sai ga jikata Tasallah ta sauko daga motar Dutse,
jaka a baya, ɗan ma'auni a hannu,
wai, "Kaka, yanzu ɓeraye nake kiwo."

Na ɗauka wasan jika ne da kaka.
Ta ciro waya ta nuna mini su:
farare sol kamar audugar da aka gurza,
ido ja, kowanne da lamba a wutsiya,
ɗakinsu da fanka, ruwansu a kwalba.
Mako takwas ana ɗura musu kitse da sukari
har wuya ya ɓace,
har tafiya ta koma jan ciki.

Na ce, ikon Allah!
Shekarar da fari ya ƙone mana gero
gidan tururuwa muka tona muna neman tsaba.
A lokacinmu in mutum ya ajiye tumbi
cewa ake ya samu, a karkaɗe masa tabarma.
Yaushe ƙiba ta zama cuta?

Ta ce, "Ka manta Kawu Ɗanjuma mai shago?
A kan kujera yake sallah,
numfashinsa kamar zugazugin maƙera."
Ban ce komai ba. Ni na yi masa huɗuba ran da aka haife shi.

Da asuba muka bi hanyar fadama,
bayan gonar Cindo, inda sabara ta yi duhu.
Na koya mata yadda Iya Barmani ta koya mini:
a tsinka kafin rana ta lashe raɓa,
a shanya a inuwa, kada a kan kwano,
dintsi guda a tukunyar ƙasa.
Ta ce, "Dintsin wa, Kaka? Naka ko nawa?"
Ta ɗora nawa a ma'auni, ta rubuta.
Hannun da na sani tun ina yaro
ya koma lamba a takarda.

Kashi uku za ta raba su, in ji ta:
wasu sabara, wasu ƙwayar asibiti,
wasu ruwa zalla.
Na ce, su na ruwan me suka yi miki?
Ta ce, "Su ne shaidu.
In babu su, da me zan gane aikin ganye?"

Maganar nan ta hana ni barci.
Duk wanda na ba jiƙo ya ji sauƙi
yakan dawo da zakara ko kwanon dawa.
Wanda bai ji ba, ba ya dawowa,
ni kuwa zakaru na yi ta ƙirgawa.

Sai da aka gama roron wake ta kira.
"Sun ɗan ragu, Kaka, ba da yawa ba.
Akwai hanta da za mu sake dubawa.
Kada ka ce wa kowa an samu magani,
ɓera ba mutum ba ne."
Na ce, to su ɓerayen fa, ina suke?
Wayar ta yi shiru. Na san irin shirun,
na taɓa sayar da sa ga mahauci.

Na ce ta sa sunan Iya a takardar,
ko a can ƙasa, inda ba a karantawa.

Daren nan na ji motsi a rumbu.
Na haska fitila: namu ne na gida,
siriri, launin ƙasa, ba lamba, ba fanka.
Muka kalli juna.
Tarko dai na ɗana, gero ba na wasa ba ne,
amma ƙuli-ƙulin da na sa masa
na zaɓi mai kyau.